Yadda ake rubuta littafi na biyu bayan jarumai sun tsere wa daula

Littafi na ɗaya ya ƙare, jarumanka sun kuɓuce daga hannun azzalumar daula, matasa masu karatu sun dame ka da tambayar na biyu. A nan marubuta da yawa ke tuntuɓe, domin gudu kaɗai ba ya riƙe labari. Zan riƙa misali da A Torch Against the Night na Sabaa Tahir, Ba'amurkiya 'yar asalin Pakistan, wanda ya fito a 2016, shekara guda bayan na ɗayansa, An Ember in the Ashes.

Da farko, ɗora daga inda ka tsaya. Tahir ta buɗe littafin ne jarumanta Laia da Elias suna cikin ramukan ƙarƙashin birnin Serra, sojoji na bin sawunsu. Abin da mai karatu ya manta sai a tuna masa a tsakiyar gudu, jimla ɗaya nan, ɗaya can. Kada ka ƙone babi guda kana maimaita labarin baya.

Na biyu, ba su wurin zuwa, kuma ya kasance wurin da mai hankali zai guje wa. Su Laia sun nufi Kauf, kurkukun da ke can arewacin daular, domin ceto yayanta Darin, wanda ya san sirrin ƙarfen da daula ke ƙera takubbanta da shi. Ka ga ke nan suna gudun zaki ne suna nufar kogonsa. Ɗauki takarda ka zana taswira, ka ƙirga kwana nawa ake yi a ƙafa, nawa a kan doki, ina ake samun ruwa. Matasa suna lura da irin wannan fiye da yadda kake zato.

Na uku, ƙure musu lokaci. Tun a farkon tafiya Kwamanda Keris, wadda ita ce mahaifiyar Elias, ta sa masa guba mai ci a hankali. Daga nan duk kwanan da suka ɓata a hanya, daga ransa ake cirewa.

Na huɗu shi ne wanda na fi so ka tsaya a kai: wa zai farauce su? Mafi sauƙi ka turo wani mugun barde mai jajayen idanu, amma wannan babu wanda zai tuna shi. Tahir ta ɗauko Helene Aquilla, aminiyar Elias tun suna yara a makarantar soja ta Blackcliff, wadda kuma take son sa, ta sa Sarki Marcus ya umarce ta ta kamo shi, ran iyayenta da 'yan uwanta kuma yana hannun sarkin. A littafi na ɗaya Laia da Elias ne kawai ke ba da labari da bakinsu; a na biyu Helene ta zama murya ta uku. A ganina babukanta sun fi na masu gudun daɗi, domin mai karatu ya rasa wa zai yi wa addu'a. In za ka yi haka, rubuta wa mafarauci dalilansa a takarda daban kafin ka fara: me ya rantse a kai, me zai rasa in ya ƙi, me zai rasa in ya yi. Idan amsa ta zo maka da sauƙi, ba ka matse shi sosai ba.

Na biyar, nuna zaluncin daula a jikin talakawa. Duk wanda ya ɓoye su ko ya ba su ruwa, ya biya. Wata mata mai suna Afya Ara-Nur ta ɗauki su Laia cikin ayarinta saboda alkawarin da ke kanta, kuma mutanenta sun ɗanɗana kuɗarsu. Sihiri da aljanu kuwa a sa su kamar gishiri. Kada su zama ƙofar da jarumi ke ficewa duk lokacin da marubuci ya rasa dabara.

Daga ƙarshe, biya bashin da ka ci. Mu da muka saba da littattafan Hausa masu na ɗaya, na biyu, na uku, mun san takaicin a yanke labari takobi na sama, a ce mu haɗu a gaba. In ka ce za a je kurkuku, to a je a cikin wannan littafin, a ga abin da ya faru, a san wanda ya fita da wanda bai fita ba. Sannan ka bar wata sabuwar rigima a buɗe. Tahir ta isar da su Kauf a na biyu, kuma duk da haka ta samu abin faɗa har littafi na huɗu, wanda ya fito a 2020.