Zobban Gas da Ƙurar SN 1987A: Shaidar Rayuwar Tauraro Kafin Fashewarsa

Gabatarwa

A ranar 23 ga Fabrairu, 1987, hasken wani tauraro da ya fashe ya iso duniya daga Babban Gajimaren Majalan, wani gungun taurari mai nisan kimanin shekarun haske 168,000. Masana falaki suka sa wa fashewar suna SN 1987A. Wannan maƙala ta nazarci gas da ƙurar da ke kewaye da wurin, domin su ne suka adana tarihin tauraron.

Tauraron Asali

Hotunan da aka ɗauka tun kafin fashewar sun nuna cewa tauraron shi ne Sanduleak −69 202, wanda nauyinsa ya kai kimanin ninki 20 na rana. Ya kasance ƙaton tauraro shuɗi, alhali ra'in da ake da shi a lokacin ya fi tsammanin jajayen ƙattai ne ke fashewa irin haka.

Zobba Uku

Na'urar hangen nesa ta Hubble ta bayyana zobba uku na gas a kewayen wurin. Saurin buɗewar zoben ciki, kimanin kilomita 10 a daƙiƙa, ya nuna tauraron ya zubar da gas ɗin shekaru kusan 20,000 kafin mutuwarsa. Yawan sinadarin naitirojin da ke cikin zoben kuwa alama ce ta cewa gas ɗin ya taso ne daga cikin tauraron. Wasu masana suna ganin taurari biyu ne masu kewaya juna suka haɗe, kuma haɗewar ce ta haifar da zobban tare da mayar da tauraron shuɗi.

Samuwar Ƙura

A shekarar 2010, na'urar Herschel ta hango ƙura mai sanyi wadda nauyinta ya kai kusan rabin na rana. Daga baya na'urorin ALMA da ke ƙasar Chile suka tabbatar da cewa a tsakiyar tarkacen take, wato bayan fashewar ta samu.

Kammalawa

Gas ɗin zobban ya girmi fashewar, ƙurar tsakiya kuma 'yarta ce. Tambayar da ta rage ita ce yawan ƙurar da za ta tsira idan igiyar girgizar da ke komawa ciki ta riske ta. Amsar za ta taimaka wajen tantance rabon irin wannan fashewa a cikin ƙurar da duniyoyi ke samuwa daga gare ta.