Darasin wannan fitowa: Daga ina kuɗin agaji suke zuwa, kuma me ya sa suke raguwa?

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, da waɗanda ke zaune a gidajen masu masauki a ƙauyukan yankin Gidan Rumji.

Tambayar da aka fi kawo mana a ofishin kariya ita ce: me ya sa rabo yake raguwa, wa ya ci na sama? Mu masu tafinta muna juya tambayar zuwa Faransanci, mu juyo amsar zuwa Hausa, amma a filin rabo babu lokacin dogon bayani. Shi ya sa muka ware darasin wannan fitowa a kanta. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi da babbar murya, musamman iyayenmu mata.

Hukumomin agaji roƙo suke yi

Hukumar kula da ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda kuka fi sani da HCR, an kafa ta a ƙarshen 1950, hedikwatarta tana Janeba. Hukumar abinci ta duniya, wato PAM, an kafa ta a 1961, tana zaune a birnin Rum na ƙasar Italiya. Duk girman sunansu, ba su da rijiyar man fetur, ba su da gona, ba sa karɓar haraji daga kowa. PAM ba ta da ko sisi sai abin da aka ba ta gudummawa, HCR ma kusan dukkan kuɗinta haka suke zuwa. Kowace shekara sai su lissafa buƙata, su kai gaban gwamnatoci masu hali, kowace gwamnati ta ba da abin da ta ga dama. Babu kotun da za a kai ƙasar da ta ƙi bayarwa.

Akwai wani abu kuma da yake rikita mutane. Yawancin kuɗin da ake bayarwa a ɗaure suke zuwa. Mai bayarwa zai ce wannan na ƙasa kaza ne, ko na ruwan sha ne, ko na ciyar da ƴan makaranta ne, kuma sai an kawo masa lissafi a kan haka. To shi ya sa za ku ga ana haƙa rijiyar burtsatse ko ana gina aji a watan da hatsi ya yi ƙaranci, ku ce ai da an saya mana gero da kuɗin. Gaskiyarku ta fuskar ciki, amma ma'aikacin da ya juya kuɗin rijiya zuwa gero ba da izinin mai su ba ya karya alkawari, kuma baɗi ba za a sake ba shi ba.

Abin da ya faru a 2025

Shekaru da yawa Amurka ce ta fi kowa bayarwa. A 2024 kusan rabin kuɗin PAM daga gare ta suka fito. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da ya koma kan mulki, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90 domin a sake dubawa. Kafin tsakiyar shekara an soke ayyuka masu yawa, kuma hukumar USAID, wadda da yawanku kun san sunanta a jikin buhu da galan ɗin mai, an rufe ta a farkon watan Yuli, aka mayar da ragowar aikinta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar.

Ba Amurka kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta sanar cewa za ta rage tallafinta daga 5 cikin kowane 1,000 na abin da ƙasar ke samu zuwa 3 nan da 2027, ta ƙara kuɗin a kan sha'anin soja. Jamus da Faransa ma sun rage nasu. Tun da yaƙi ya koma nahiyar Turai, gwamnatocinsu sun fi damuwa da makamai da tsadar rayuwar masu jefa musu ƙuri'a.

Ga yadda abin ya bayyana a lissafi. A watan Disamban 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 47 domin agajin shekarar 2025 a duniya baki ɗaya (dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba). Zuwa watan Yuni, da ta ga kuɗin ba za su zo ba, sai ta tace jerin ta koma neman biliyan 29 domin waɗanda ransu ke cikin haɗari kai tsaye.

A lokaci guda kuma masu miƙo hannu sun ƙaru. A ƙarshen 2024 mutanen da aka raba da gidajensu a duniya sun haura miliyan 120. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 shi kaɗai ya kori miliyoyi, kuma maƙwabciyarmu Cadi tana riƙe da ƴan gudun hijira fiye da miliyan ɗaya. Ga Gaza, ga Yukiren, ga gabashin Kwango. Mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da suka fara tsallakowa jihar Maraɗi da yawa tun 2019 suna cikin wannan layi, kuma, mu faɗi gaskiya, ba su ne kyamarorin duniya suka fi haskawa ba. Inda gidajen talabijin suka fi zuwa, can kuɗi suka fi bi.

Kuɗin ma ba sa sayen abin da suke saye a da

Wani zai ce, mu da tuwon gero muke ci, ina ruwanmu da yaƙin Rasha da Yukiren? Kafin a fara yaƙin ranar 24 ga Fabrairun 2022, kusan rabin alkamar da PAM ke saye daga Yukiren take fitowa. Ƙasashen biyu suna cikin manyan masu fitar da alkama da man girki, Rasha kuma da takin zamani. Da jiragen ruwa suka tsaya, farashin abinci a kasuwar duniya ya kai matsayin da ba a taɓa gani ba a watan Maris na shekarar. Kuɗin da PAM ta ƙara kashewa wajen sayen alkama domin Yaman ko Habasha, daga tukunya ɗaya suka fita da kuɗin geronmu. Taki da man mota ma sun yi tsada, kuma duk tiyar hatsi da ta iso kasuwa tana ɗauke da kuɗin takinta da na motar da ta kawo ta.

Na kusa da gida kun fi mu saninsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin ƴan kwanaki. A watan Yuni aka saki naira, daga kimanin 460 a kan dalar Amurka ɗaya ta wuce 1,500 a 2024. Ita kuwa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 656, ba ta motsi. Saboda haka idan ɗanka da ke leburanci a Kano ko Legas ya aiko maka da naira, abin da mai canji zai miƙo maka ya ragu sosai, ba don yaron ya rage ba. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yulin 2023 a Yamai kuma, ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe iyakoki har zuwa farkon 2024, motocin kaya suka yi watanni a tsaye.

Yadda ake yanke shawarar wa zai samu

A nan ne muke so ku fi ba mu hankalinku, domin nan ne bakinku yake da tasiri.

Cikakken rabo ana auna shi ne a kan abin da jikin mutum ɗaya ke buƙata a rana, wanda masana suka ƙiyasta a kalori 2,100. Mu ɗauki misali kawai: gida 100 ne ke buƙata, kuɗin da suka zo na gida 60 ne. Hanya uku ce. A rage wa kowa, duka ɗarin su ci amma ba wanda zai ƙoshi. Ko a ba 60 cikakke, 40 su tashi hannu wofi. Ko a ba kowa na ƴan watanni, a ajiye ƙarfin zuwa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Babu mai daɗi a ciki, kuma ba ma'aikacin da ke riƙe da mudu a filin rabo ne yake zaɓa ba.

Bincike ne yake nuna hanyar da za a bi. A ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma akwai wani nazari da ake kira Cadre Harmonisé da Faransanci, wanda ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS ke jagoranta, cibiyarta ta AGRHYMET kuma tana nan Yamai. Sau biyu a shekara, bayan kaka da kuma wajen watan Maris, ma'aikatan gwamnati da na hukumomin agaji suna haɗa bayanan ruwan sama, amfanin gona, farashin kasuwa da lafiyar yara, su sanya kowane yanki a ɗaya daga matakai 5, tun daga wadata har zuwa yunwa mai kisa. Daga mataki na 3 ake cewa ana buƙatar agajin gaggawa. Wannan taswira ce ake ajiyewa a gaban masu ba da kuɗi.

Wani ɓangare na bayanan daga ƙofar gidanku yake fitowa. Matasan nan da ke zuwa da waya ko kwamfutar hannu suna tambaya: cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa kuka ci wake, kwana nawa nono, nama ko kifi ko ƙwai, ganye, mai? Shin manya sun haƙura don yara su ci? Kun ci bashi? Kun sayar da akuya ko kayan ɗaki? Amsoshin ana juya su zuwa maki, makin ne ke tafiya Yamai, ya wuce Rum da Janeba.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aiki. Na farko kunya. Sau da yawa mai gida zai amsa da "Alhamdu lillahi, muna cikin rufin asiri", alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mun san abin da yake nufi, amma tafinta abin da aka faɗa yake juyawa, kuma takardar ba ta da gurbin rufin asiri, adadin kwanaki take nema. Godiya ga Allah ba ta hana a ce "kwana ɗaya muka ci wake". A bar uwargida ta amsa tambayoyin abinci, ita ce ke riƙe da ludayi. Na biyu ƙari. Idan aka ɓoye dabba ko aka ƙara yaran da babu su, masu dubawa suna komowa, kuma idan lissafin ƙauye ya ƙi haɗuwa, shakkun yana faɗawa a kan kowa, har da gwauruwar da ta faɗi gaskiya. Ku sani kuma mai tambayar ba shi ne ke rubuta sunan wanda zai samu ba, don haka babu amfanin yi masa alheri ko faɗa da shi.

Idan aka kai ga zaɓe, abin da aka saba dubawa shi ne gidan da bakuna suka yi yawa masu iya aiki suka yi kaɗan, gidan da mace ko yaro ko tsoho ke riƙe da shi, da inda akwai naƙasasshe ko mai doguwar jinya. Wanda ya ga an sa shi a rukunin da ba nasa ba yana da damar kai koke, kuma kai koke ba ya sa a cire sunan mutum.

Abin da raguwar kuɗi ba ta taɓa ba

Ana ta raɗe-raɗin cewa tunda abinci ya ragu, kora ce za ta biyo baya. Rabo daban, matsayin ɗan gudun hijira daban. Nijar tana cikin yarjejeniyar Janeba ta 1951, wadda sashe na 33 nata ya hana a mayar da mutum inda ransa ko ƴancinsa ke cikin haɗari. Tana kuma cikin yarjejeniyar ƙasashen Afirka da aka ƙulla a Adis Ababa a 1969, wadda ta haɗa har da wanda ya gudu saboda zaman lafiya ya rushe a yankinsa. Fitar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a watan Janairun 2025 ba ta soke su ba, domin ba takardun CEDEAO ba ne. Ko an cire gida daga jerin abinci, takardarsa ta ɗan gudun hijira tana nan da ƙarfinta.

Saboda haka ku riƙe takardunku da kyau, a cikin leda, nesa da ruwa da gara. Idan an haihu, a nemi takardar haihuwa da wuri, a zo a ƙara jaririn a rajista. Idan an yi rasuwa ko wani ya ƙaura, a sanar. Rajista da rabo da kai koke duk kyauta ne. Lokacin ƙunci ne ƴan damfara suke yawaita: duk wanda ya nemi kuɗi, ko wani kaso na rabonku, ko ya nemi mace da lalata don ya sa suna a jeri, a kawo maganarsa ofishin kariya, za a saurare ku a asirce, mace kuma tana iya neman mace ta saurare ta.

Muna jin wasu iyaye na tunanin aurar da yarinya ƙarama ko cire yaro daga makaranta don a rage baki, wasu kuma na shirin komawa gida kafin damina. Komawa haƙƙin kowa ne, ba mai hana ku, amma wanda ya koma ya zauna yana iya rasa matsayinsa na ɗan gudun hijira. Kafin ku ɗaure kaya ko ku karɓi sadaki, ku zo mu zauna tare da jami'in kariya, ku ji halin da hanya da garinku suke ciki da irin taimakon da ya rage wa gida irin naku. Wanda ba ya iya tafiya ya aiko ta hannun shugaban unguwa ko wakiliyar mata, mu za mu zo har gida.