Gyara Cin Abinci Bisa Shawarar Masana

Muna gode wa Allah da Ya ciyar da mu, Ya shayar da mu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi mutumin da likita ya auna shi, ya tarar yana da ciwon sukari ko hawan jini, sa'an nan ya tura shi wurin masanin abinci na asibiti. Wannan masani ma'aikaci ne da ya karanci ilmin abinci da yadda yake aiki a jikin ɗan Adam. Da yawa daga cikinmu sukan karɓi maganin likita da hannu biyu, amma su yi watsi da shawarar masanin abinci, suna cewa ai ci da sha ba a koya wa babba. To, wannan kuskure ne, kuma yana jawo shanyewar ɓarin jiki, da makanta, da lalacewar ƙoda.

Mu sani jiki amana ne. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, Ya kuma hana mu wuce iyaka. Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Mikdamu ɗan Ma'adikariba, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi game da cika ciki, ya nuna a kasa shi uku: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi. Haka nan Suratun Nahli, aya ta 43, ta umurce mu da tambayar masana abin da ba mu sani ba. Magabatanmu ba su raina wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan ilmin magani.

Abu na farko da ake bukata daga majinyaci shi ne gaskiya. Masanin zai tambaye ka abin da ka ci tun daga karin kumallo har zuwa kwanciya. Kada ka ɓoye lemon kwalba, ko sukarin da ka zuba a koko da fura, ko tsiren dare. Wanda ya ɓoye wa mai magani, kansa ya cuta.

Na biyu, ka san ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Sukarin da ake ƙarawa kuwa kada ya kai kimanin giram 50, watau ƙananan cokula 12, alhali kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen cokula 9. Ganye da 'ya'yan itatuwa ana so su kai giram 400 a yini. Wannan ma'aunin mai lafiya ne. Majinyaci nasa daban, masanin ne zai yanka masa.

Na uku, kada ka ɗauka za a raba ka da abincin gidanku. Sau da yawa abin da za a ce shi ne ka rage malmalar tuwo, ka yawaita zogale, da rama, da kuɓewa, ka haɗa da wake ko kifi, ka rage mai, ka ƙara daddawa ka rage dunƙule. Ana yin canjin ne sannu a hankali, abu ɗaya ko biyu a mako, domin wanda ya ce zai bar kome dare ɗaya, da wuya ya ɗore.

Na huɗu, ka tafi da uwargida ko duk wanda yake girka maka abinci, domin ludayi yana hannunta. Ba adalci ba ne ka dawo da dokoki ka ɗora mata, alhali ba ta ji dalilinsu ba. Ku kuma masu walima da suna, kada ku tilasta wa baƙo cin abin da aka hana shi. Karramawa ba ta halatta cutarwa.

Game da azumi, ya kamata mai ciwon sukari ya ga likita da masanin abinci tun mako 6 zuwa 8 kafin Ramalana, a tsara masa sahur da buɗe baki da lokutan magani. Likitoci sun ce idan sukarin jini ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300 a na'urar awon da ke lissafi da miligiram, to, a karya azumi nan take. Allah Ya yi rangwame ga mara lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185. Karɓar rangwamen Allah ba raunin imani ba ne.

Wani zai ce ai kwana ba ya ƙarewa sai ajali ya zo. Gaskiya ne. Amma Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi, sa'an nan ya dogara ga Allah. Riƙon sababi yana cikin tawakkali. Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe ranar da aka ce ka koma, ka tafi da takardar abin da ka ci, in ka yi tuntuɓe ka faɗa, a gyara maka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa abincinmu ya zama ƙarfin ibada, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.