Na'urar Yatsa a Darasin Haske

Wani malamin kimiyya daga unguwar Zariya a birnin Maradi ya aiko da tambaya: shin na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa za ta yi amfani wajen koyar da darasin haske?

Ƙwarai kuwa, Malam. Ƙananan fitilu biyu ne a cikinta. Ɗaya jan haske take bayarwa, mai tsawon zango nanomita 660, ɗayar kuma infarared mai nanomita 940, wanda ido ba ya gani. Hasken yakan ratsa yatsa, ma'auni a ɗaya gefen ya auna abin da ya fito. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ya fi shan infarared, wanda ya rasa kuwa ya fi shan ja. Daga nan ake samun lambar da ke nuna yawan oksijin a jini, yawanci kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari ga lafiyayye. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabarar a 1972.

A aji, ɗalibai su ɗora yatsa kan fitilar waya su ga ya yi jajir. Su kuma gwada na'urar a yatsa mai sanyi da mai jan farce, su kwatanta. Amma a tuna musu, gwajin aji ba duba lafiya ba ne.