Me Ya Sa Memori Ba Ya Cika Yadda Aka Rubuta A Jikinsa?

Ranar kasuwa mutum zai sayi katin memori don wayarsa. A jikin katin an rubuta 32 GB, wato giga 32. Ya kai wa mai tura karatu da waƙoƙi, a sa a kwamfuta, sai kwamfuta ta nuna giga 29.8. Ina sauran giga biyun? Daga nan rigima ke tashi, har a kira mai shago macuci. Sau da yawa kuwa babu abin da ya ci.

Abin daga awo ne. Kowane manomi ya san mudun wata kasuwa ya fi na wata girma. A auna dawa da ƙaramin mudu a sami mudu 100. A sake auna ta da babban mudu, sai a sami 93. Ko ƙwaya ɗaya ba ta zube ba. Mudun ne ya sake.

Haka memori yake. Ƙwayar da ake auna shi da ita sunanta bayit. Bayit ɗaya yana ɗaukar kamar harafi ɗaya na boko. Masu ƙera memori suna ƙirga da dubu-dubu, irin na mutane. Bayit 1000 kilo ɗaya ne. Kilo 1000 mega ɗaya. Mega 1000 giga ɗaya. Ke nan gigarsu bayit biliyan ɗaya ce cif.

Ita kuwa kwamfuta da ninki take ƙirga: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1024. A wannan jeri babu 1000. Wanda ya fi kusa da shi shi ne 1024. Tun farkon zamanin kwamfuta sai masana suka riƙa kiran 1024 kilo, don saukin faɗi. To, kwamfuta mai aiki da Windows har yanzu da wannan babban mudu take awo. Rarar 24 kamar ba komai ba ce, amma sau uku ake hawa da ita, daga kilo zuwa mega zuwa giga. Kafin a kai giga, mudun kwamfuta ya zama bayit 1,073,741,824. Saboda haka a cikin kowane 100 kusan 7 ne ke raguwa. Katin giga 8 zai nuna wajen 7.4, na 16 ya nuna 14.9, na 64 ya nuna 59.6.

Ba a ƙauye kaɗai wannan ya ta da ƙura ba. A Amurka masu saye sun kai kamfanonin Western Digital da Seagate ƙara, aka sasanta a 2006 da 2007. Shi ya sa ake ganin ɗan ƙaramin rubutu a bayan kwali, mai cewa giga ɗaya bayit biliyan ɗaya ce. Kaɗan ne ke karanta shi, don sai an ƙura ido. Kwamfutocin Apple kuma tun 2009 suka koma ƙirga da 1000. Kati ɗaya yana iya nuna lamba biyu a na'ura biyu.

Akwai kuma ɗan wurin da katin ke keɓe wa kansa, inda yake rubuta wurin da kowane hoto da kowace waƙa suke. Wannan ma yana rage kaɗan. A sabuwar waya ragin ya fi yawa, domin manhajar da ke tafiyar da wayar a ciki take zaune, kuma tana cin giga da dama.

Wasu sukan goge katin gaba ɗaya, abin da ake kira fomat, wai ko gigar da ta ɓata za ta dawo. Ba ta dawowa. Hotunan biki da karatun malamai ne kawai za su tafi.

Cutar gaskiya tana wani wuri, kuma ta fi wuyar ganewa. Akwai jabun memori. Ana ɗaukar ƙaramin kati, a gyara cikinsa ya riƙa faɗin ƙarya. Na giga 8 ne, amma waya za ta nuna 64. Da farko yana aiki lafiya. Ranar da ainihin wurin ya cika, sabon abu sai ya hau kan tsoho, ko ya ɓace. Sunan hoton yana nan, amma in an taɓa ba ya buɗewa. Lambar da waya ta nuna ba ta tona asirin irin wannan kati.

Hanyar gwada shi ita ce a cika shi. Tun ranar da aka saya, a kai wa mai kwamfuta ya zuba masa manyan fina-finai har ya kusa cika. Sannan a buɗe na farko, da na tsakiya, da na ƙarshe. In duk sun buɗe, katin na kirki ne. In wasu sun ƙi, a mayar wa mai shago tun bai manta fuskar mai saye ba. Kati mai giga da yawa da ake sayarwa da arha ƙwarai, shi ya fi bukatar wannan gwaji.