Kafin ka je ganin yaron nan na Yuganda

 Labari ya iso mini ta bakin mahaifiyarka cewa ikilisiyarku ta can Ingila ta shirya tafiyar bishara zuwa Yuganda, kai ma da sunanka a ciki, kuma a cikin tafiyar za a kai ka ka ga yaron nan da kake ɗaukar nauyin karatunsa ta hannun ƙungiyar Compassion. Na ji daɗi ƙwarai, domin ba kowane saurayi ne zai kama albashi a ƙasar Turawa ya tuna da ɗan wani da bai taɓa gani ba. Amma ka san halin tsoho, ba ya ganin yaro yana ɗaure kaya ya yi shiru, saboda haka ka yi haƙuri ka saurare ni, ko da wani abin da zan faɗa ka riga ka san shi.

Wannan hanya ta ɗaukar nauyin yaro daga nesa, yaƙi ne ya haife ta. Ƙungiyar Plan ta soma a 1937 saboda yaran da yaƙin basasar Sifen ya raba da iyayensu. Ita kuwa Compassion ɗinku, wani mai wa'azi Ba'amurke ne, Everett Swanson, ya je Koriya ta Kudu a 1952 don ya yi wa sojoji wa'azi, ya tarar da marayun yaƙi suna kwana a titunan Seoul cikin sanyin da ke kashe su, ya koma gida ya kasa barci da abin a ransa. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne ƙarshen labarin. A 1993 ƙungiyar ta rufe aikin tallafi a Koriya domin ƙasar ta tsaya da ƙafarta, kuma a 2003 Koriyawa suka shiga sahun masu ɗaukar nauyin yaran wasu ƙasashe. Kai kanka haka labarin gidanku yake, domin kakanninka a makarantar mishan suka koyi karatu, a asibitocin mishan irin na Vom da Wusasa aka yi jinyar mutanenmu, ga shi yau jikansu ne ke aika kuɗi Yuganda. Saboda haka idan ka tsaya gaban yaron nan, kada ka dube shi a matsayin wanda aka halitta don karɓa. Lokacinsa ne bai zo ba tukuna.

Mu mun ɗanɗana zama waɗanda ake zuwa taimako, mun kuma san baƙin da suka zauna a zukatan mutane da waɗanda aka manta. Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna a Zariya shekara da shekaru yana koyon harshe daga bakin masu shi, sai a 1932 aka samu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Irin su ake tunawa, domin sun zauna, sun ci tuwonmu, sun yarda a gyara musu magana. Ku kuwa ƴan makonni za ku yi, ba laifi ba ne, amma ku san girman abin da ƴan makonni za su iya ɗauka. Kada ku sauka a Entebbe da tunanin ku ne kuka kawo musu Almasihu. Masu bishara na CMS sun isa fadar Buganda a 1877, shekara 16 kafin masu bishara Bingham da Gowans da Kent su sauka Ikko a 1893 da niyyar shigowa ƙasarmu. A ranar 3 ga Yuni 1886 aka ƙone samari Kirista da ransu a Namugongo bisa umarnin Sarki Mwanga, har yau kuma jama'a na tafiya da ƙafa zuwa wurin kowace shekara a wannan rana. A 1977, zamanin Idi Amin, aka kashe Babban Bishop Janani Luwum saboda ya ƙi yin shiru a kan zalunci. Ikilisiyar da ta biya irin wannan farashi, ɗana, ka shige ta da kunne a buɗe, idan kuma aka ba ka dama ka yi magana, ka taƙaita, ka bar wa tafinta wurin numfashi.

Yanzu ga ranar da zuciyarka ta fi ɗoki. Na san ka daɗe kana zana ta a ranka, yaro ya sheƙo da gudu ya rungume ka, kowa yana share hawaye. Wataƙila haka za ta kasance, wataƙila kuma yaron ya sunkuyar da kai, ya maƙale a jikin uwarsa, ya amsa maka da kalma ɗaya ɗaya. Kada ranka ya ɓaci, domin kai ka san shi ta hoton da ke manne a ɗakinka, shi kuwa an tashe shi tun asuba an yi masa wanka, an sa masa tufafin sujada, an ja masa kunne kada ya ba da kunya a gaban babban baƙo, to wane yaro ne zai sake a haka? Ka ba shi lokaci. Ka nemi ya nuna maka littafinsa na makaranta, ko ku fita ku buga ƙwallo, za ka ga bakinsa ya buɗe da kansa. Idan ma bai buɗe ba har kuka rabu, ba ya cikin abin da yake binka ko kake binsa.

Waɗanda na fi so ka kula da su, iyayensa ne. Takardun ƙungiya suna iya sa mutum ya riƙa cewa yarona, yarona, har ya manta yaron yana da masu shi. Kuɗinka yana biyan wani ɓangare na makaranta da magani da abincin da ake ba su a cibiyar ikilisiya, amma ba kai ne ke kwana a zaune ba idan zazzaɓi ya kama shi cikin dare, ba kai ne ke noman abin da yake ci sauran kwanakin mako ba. Saboda haka idan ka shiga gidan, ka fara gaida manya kafin ka nemi yaro, yadda aka koya maka a gida. A ƙasar Buganda mata da yara suna durƙusawa su gai da babba kamar yadda ake yi a wurinmu, to idan uwarsa ta durƙusa maka, ladabin ƙasarsu ne, kada kanka ya kumbura, kai ma ka rusuna. Ka yi wa uban godiya a gaban ɗansa saboda tarbiyyar da ya ba shi. Namiji yana jin nauyi a ce wani daga wata ƙasa ne ke biya wa ɗansa makaranta, ko bai faɗa ba, kuma maganarka guda tana iya ɗaga kansa a idon iyalinsa ko ta sauke shi. Idan suka kawo maka matoke, wato ayabar da suke turarawa a cikin ganyenta, ka ci ka yaba. Idan suka kamo kaza suka ba ka, ka karɓa da hannu biyu, ko da ka san ita ke nan gare su, domin mutumin da aka hana shi bayarwa an rage masa mutunci. Idanunka kuma ka tsare su, kada su riƙa yawo a kan rufin ɗaki da tabarma, domin talaka yana karanta fuskar baƙo tun kafin baƙo ya yi magana.

Sai maganar hoto, wadda ita ce cutar zamaninku. Ka nemi izini kafin ka ɗauka, kuma kafin ka sa wani abu a Facebook ka tambayi kanka ko yaron zai ji daɗin ganinsa ranar da ya zama magidanci. Ka san abin da Ubangijinmu ya koyar a Matiyu sura 6 game da yin sadaka a ɓoye, ba sai na maimaita maka ba. Tsaraba kuma ta zama daidai wa daida, abin da zai raba da ƙannensa ya fi abu mai tsada da zai jawo masa hassadar unguwa. Kada ka ba shi lambar wayarka ko ka damƙa kuɗi a asirce, domin dokar ƙungiya ta hana, kuma ma'aikacin da zai raka ka ba don ya takura maka aka haɗa ku ba, an yi tsarin ne don kare yara daga baƙin da ba su da irin zuciyarka. Mafi girma duka, kada daɗin rana ya sa ka yi alkawari. Kalmar "zan kai ka Ingila" ko "zan dawo baɗi" ba ta da nauyi a bakinka, amma yaro zai ɗauke ta ya yi shekaru yana duban hanya.

Aikin da ƙungiyarku za ta yi a can ma ina da ƴar magana a kai. Abin da ba za a yarda ka yi a Ingila ba saboda ba ka koye shi ba, kada ka yi shi a Yuganda. A garin Jinja wata baƙuwa daga Amurka, mai kyakkyawar niyya amma ba ta da horon likita, ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, yara 105 suka mutu a wurin kafin hukuma ta rufe ta a 2015, har magana ta kai kotu. Idan gini za ku yi, ku tambaya ko akwai magina a garin da ke neman aikin. Idan kuma gidan marayu aka ce za a kai ku, ku bincika, domin da yawa daga yaran irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su, wani wurin ma kuɗin baƙi ne ke sa a tara su. Kuma kada ku sa taimako ya zama farashin shiga addini. Akwai Musulmi a Yuganda kamar yadda muke zaune da ƴan'uwanmu a nan, yaron da yake jin yunwa a ba shi abinci don yana jin yunwa.

Af, kada in manta, ka nemi katin rigakafin shawara, ka kuma sha maganin kariya daga zazzaɓin sauro. Jikin da ya daɗe a Turai ya manta sauro, ko da a cikinsa ya girma.

Na gaji da rubutu, amma saura abu ɗaya. Kuɗin jirginka kaɗai zai ɗauki nauyin yaron na tsawon lokaci, kai ma ka san haka, saboda haka tafiyar ba za ta biya kanta ba sai ta sa ka dawwama a kan abin da ka fara. Wani masanin tattalin arziki, Bruce Wydick, da abokan aikinsa sun bi sawun waɗanda aka ɗauki nauyinsu suna yara a ƙasashe shida, har da Yuganda, suka buga sakamakon a 2013, inda suka samu cewa sun fi takwarorinsu daɗewa a makaranta da fiye da shekara guda, sun kuma fi su samun aikin albashi. Wannan amfanin a hankali yake taruwa, wata bayan wata, shekara bayan shekara, lokacin da ɗokin tafiya ya riga ya huce, haya ta hau, ga hidimar aure ta taso. A cibiyoyin nan akwai ranar raba wasiƙu, akwai kuma yaran da ake kiran sunan kowa ban da nasu. Saboda haka idan Allah ya dawo da kai lafiya, kada wata ya cika ba ka rubuta masa ba, ka ambaci sunan uwarsa da na ƙannensa a ciki, ka tambaye shi darasin da ya ce yana ba shi wuya. Ka gai da fastonku da abokan tafiyarka, kuma da zarar kun sauka ka kira mahaifiyarka, domin ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka.