Ƙaramar fitila da babban jirgi

Masuntan tabkin Madarunfa sun san wani abu. In masunci ya duƙa yana warware komarsa da ta sarƙe, iska takan janye masa jirgi har cikin ciyawa, bai sani ba. Matuƙan jirgin sama ma hakan yana samun su. Amma nasu jirgin ba gefe yake yi ba, ƙasa yake yi.

Ran 29 ga Disamba 1972, da dare, wani jirgin kamfanin Eastern Air Lines ya taso daga Niyok za shi Miyami, cikin ƙasar Amurka. Mutum 176 ne a ciki. Da ya kusa sauka, matuƙa suka fiddo ƙafafunsa. A gabansu akwai ƙananan fitilu uku. In ƙafa ta fito ta zauna daidai, sai fitilarta ta kama. Biyu suka kama, ta ƙafar gaba ta ƙiya.

Suka fasa sauka, suka koma sama har mita 600. Suka bar wa na'ura mai tuƙi da kanta riƙon jirgin, kowa ya mai da hankali ga fitila. Mataimakin matuƙi ya cire ta, ya zo mayarwa, ta maƙale. Babban matuƙi ya aiki injiniya ƙarƙashin ɗakin tuƙi ya leƙo ƙafar. Ana zaton garin juyawa ya yi magana ne ya taɓa sitiyari. Na'ura ta saki riƙo, jirgi ya fara sulalewa ƙasa sannu-sannu.

Ƙararrawar gargaɗi ta buga, ba wanda ya ji. Agogon da ke nuna nisan jirgi daga ƙasa yana gabansu, ba wanda ya duba. Waje kuwa duhu ne, babu farin wata. Ƙarƙashinsu wata babbar fadama ce mai suna Everglades, ba gida, ba wuta. Kafin mataimaki ya farga, lokaci ya ƙure. Jirgi ya faɗa cikin fadama, mutum 101 suka rasu.

Da aka bincika, sai aka tarar ƙafar lafiyarta lau. Ƙwan fitila ne kawai ya ƙone!

Tun daga nan ana koya wa matuƙa raba aiki: kome ya lalace, ɗaya ya riƙe tuƙi, ɗaya ya duba gyara. A 1981 kuma Amurka ta kafa doka: wajen tashi da wajen sauka, in jirgi bai kai mita 3000 ba, babu hira a ɗakin tuƙi, sai zancen aiki.

Tambayoyi
1. Me ya hana matuƙa sauka a Miyami?
2. Don me ba su ga jirgin yana yin ƙasa ba?
3. Mutum nawa suka tsira?
4. Ku tambayi wani masunci yadda yake tsare jirginsa in yana gyaran koma.